Mu Haɗu a Kashi na Biyu: Ibro, Batsa da Bakin 'Yan Kallo

A 'yan shekarun nan akwai wata magana da kusan kowa ya yarda da ita a Kano, wai barkwanci mai tsafta ya tafi tare da marigayi Rabilu Musa Ibro. Ana jin ta a majalisun Gyaɗi-Gyaɗi bayan sallar isha'i, ana jin ta a rumfunan masu tura fina-finai a waya a kasuwar Farm Center, ana jin ta a bakin iyaye mata da suka tarar da 'ya'yansu suna kallon abin da bai yi musu daɗi ba. Duk ranar da wani yaro ya yi wata fitsara a TikTok, sai a ɗauko Ibro a auna shi da shi, a ce a zamanin Ibro mutum yana iya zama da iyalinsa a yi dariya har da hawaye ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba.

Mu ma muna cikin masu kewarsa, Allah ya jiƙansa. Sai dai akwai abin da wannan yabo yake tsallakewa. A watan Oktoba na 2008, kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta yanke wa Ibro da abokin aikinsa Lawal Ƙaura hukuncin zaman gidan yari na wata biyu. Cikin abubuwan da aka tuhume su da su har da rawar da aka ce ba ta dace ba, kuma fim ɗin da sunansa ya fi fitowa a shari'ar shi ne Ibro Aloko. Mutumin da ya yi shekaru yana aikin gandiroba kafin ya koma wasan kwaikwayo, sai ga shi an kai shi inda ya taɓa riƙe makulli, an kulle shi. Wato mutumin da a yau ake kafa hujja da shi a kan tsaftar barkwanci, shi ne jiya aka ɗaure da sunan rashin tsaftarsa. Garin bai canza ba, kuma da yawa cikin masu yabon na yau su ne samarin da suka sayi faifan a wancan lokaci, wasunsu kuma su ne suka ce hukuma ta yi daidai.

Wannan ya sa muke ganin ra'ayin 'yan kallo a kan fim ɗin barkwanci mai ɗan yaji, musamman idan ci gaba ne na wani da ya gabace shi, ya cancanci a zauna a nazarce shi kamar yadda ake nazarin fim ɗin kansa.

Mu fara da yadda ake haihuwar kashi na biyu. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san rubutun nan da kan fito a ƙarshen fim daidai lokacin da rigima ta kai maƙura: mu haɗu a kashi na biyu. Sau da yawa wannan ba ci gaba ba ne na gaskiya. Fim ɗaya ne aka ɗauka a zama ɗaya, aka yanka shi biyu don a sayar sau biyu, kamar yadda marubutan littattafan soyayya suke raba labari ɗaya zuwa na ɗaya, na biyu da na uku. Wannan irin ba shi ne damuwarmu ba. Wanda ya dame mu shi ne ci gaban da ake yi bayan an ga kasuwa, wanda ba a shirya shi tun farko ba, sai da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka ga yadda na farkon ya ƙare a rumfa kafin la'asar, suka ce a ƙaro irinsa.

A wannan ma'anar kusan duk fina-finan Ibro ci gaban juna ne. Sunansa shi ne lambar kashi. An yi Ibro Usama a 2002, an yi Ibro Saddam a 2003, an yi Ibro Awilo, an zo an yi Ibro Aloko. Dabarar guda ce: a ɗauko wani abu da duniya ke yayi, a jefa wannan siririn mutum mai kamannin talakan ƙauye a cikinsa, a tsaya a ga yadda za ta kaya. Mai saye ba labari yake saye ba, alkawari yake saye, cewa abin da ya ba shi dariya a wancan karon zai sake samu, kuma da ƙari. Fina-finan camama ba su da tsada, ana ɗaukarsu cikin 'yan kwanaki a ƙauyukan da ke kewaye da Kano, saboda haka tazarar da ke tsakanin abin da kasuwa ta ce tana so da fitowar sabon faifai gajeriya ce ƙwarai. Babu wani reshe na adabin Hausa da yake amsa wa masu sauraronsa da sauri irin camama, in ban da makaɗin biki da ke kallon fuskar mai liƙi.

To me kasuwa take faɗa? Ɗan kasuwa ba ya jin abin da ake cewa a majalisa. Abin da yake ji shi ne adadin kwafin da aka ɗauka, da abin da yara ke rerawa a lungu, da wurin da ake tariyo kaset baya a shagon kallo. Kuma wurin da ake tariyowa ba wurin da Ibro yake musu da mai gari ba ne, wurin rawa ne. A masana'antar Kano waƙa ce ke sayar da fim, har akan yi waƙar kafin a san labarin da za a jingina mata. Don haka idan aka zo yin na gaba, abin da aka tariyo shi ake tsawaitawa. Kashi na biyu ra'ayin 'yan kallo ne aka dafa aka dawo musu da shi a kwano, amma ra'ayin da suka bayar da aljihu da rimot, wanda sau da yawa ya saɓa da wanda suka bayar da baki.

Yana da sauƙi a tsaya a nan a ce ai munafunci ne, baki na tsinuwa hannu na miƙa kuɗi. An sha faɗar haka, 'yan fim ma sun sha kare kansu da ita. Ba mu ce babu gaskiya a ciki ba, amma tana rage wa 'yan kallo daraja fiye da kima, kuma tana ba masu shirya fim mafaka mai arha. Idan aka saurari abin da mutane ke faɗa a kan irin wannan ci gaba, za a ji ƙorafi biyu suna ta maimaituwa. Wasu su ce na farkon ya fi ban dariya. Wasu su ce wannan karon an wuce gona da iri. Akan ɗauka cewa ɓangarori biyu ne masu adawa, samari 'yan son nishaɗi a gefe guda, ustazai a ɗaya gefen. Mu a ganinmu ciwo ɗaya suke kwatantawa, kowa da kalmomin da ya iya.

A duba Ibro Awilo. Awilo Longomba mawaƙi ne ɗan Kwango wanda kiɗansa ya mamaye Nijeriya wajajen shekarar 2000, da faifai irin su Coupé Bibamba na 1998. Yana waƙa da Lingala da Faransanci, harsunan da mafi yawan masu rawar a Kano ba sa ji, yana sanye da kayan gayu masu sheƙi, kewaye da 'yan rawa masu juya ƙugu. Wannan kuwa ya zo daidai lokacin da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano. Abin dariyar yana cikin sunan fim ɗin tun kafin a saka kaset: Ibro, kuma Awilo. Tazarar da ke tsakanin sunayen biyu ita ce barkwancin. Mai kallo yana dariyar baƙauyen da ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa, yana kuma dariyar samarin unguwarsu da suka haukace a kan waƙar da ba su san me take cewa ba, yana ma dariyar kansa. Rawar tana da wanda take yi wa gwalo. Akwai yaji a ciki, ba mu musa ba, amma yajin yana cikin miya ne.

Matsalar ita ce irin wannan tazara sau ɗaya ake iya cin kasuwarta. Da zarar an san Ibro da rawar ƙugu, ganinsa yana yinta ya daina zama abin mamaki. Ya tashi daga baƙauyen da ke kwaikwayon Awilo, ya zama ɗan wasan da aka sani da rawa. Duk fim ɗin da ya biyo wannan sahu, nasa ne ko na masu kwaikwayonsa da suka yi yawa a lokacin, ya gaji rawar amma bai gaji dalilinta ba. Abin da ya rage a hannun mai shiryawa shi ne ya ƙara tsawo, ya ƙara 'yan mata, ya matso da kyamara. Wanda ya ce na farkon ya fi dariya ya lura an cire miyar. Wanda ya ce an wuce gona da iri ya ji yajin tsurarsa a harshe. Kwano ɗaya suka ɗanɗana.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin masu cewa batsa baƙuwa ce a ƙasar Hausa, Indiya ko Turai ko Kwango suka kawo mana, suna ɓata mana lissafi. Ba baƙuwa ba ce. 'Yan gambara sun daɗe suna zagaya kasuwanni da kalaman da ba za mu iya rubutawa a wannan shafi ba, kuma 'yan kasuwa suna ba su kuɗi suna ƙyaƙyata dariya. Waƙoƙin amada na mata, irin waɗanda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta yi suna da su har rasuwarta a 2013, ba su bar zancen miji da kishiya da abin da ke tsakani ba. Kaka tana kiran jikanta miji, ta yi masa ba'ar da uwarsa ba za ta iya ji ba sai ta tashi. Taubasai suna yi wa juna, Kanawa da Zazzagawa suna yi, Fulani da Barebari suna yi. Al'ummar da take da alkunya mai tsanani irin tamu, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ita ce kuma ta tanadi ƙofofi da yawa da kunyar kan fita ta sha iska.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne kowannensu yana da muhallinsa, kuma kowa ya san dokar wurin. Ɗan gambara a kasuwa yake, dattijon da ba ya so ya canza layi. Amada a cikin gida ake yi, a kan ƙwarya, maza suna zaure. Ba'ar kaka tana da lasisi ne saboda dangantakar da ke tsakani, in baƙo ya faɗi kalma guda daga ciki sai an kai ruwa rana. Katanga ita ce ke tace magana tun kafin a kafa hukumar tacewa a 2001.

Kaset ya rushe wannan katanga. Ya ɗauko abin kasuwa da abin cikin gida ya ajiye su a falo, inda mai gida yake, da 'yarsa budurwa, da ƙanin miji, da surukar da ta zo kwana biyu, da yaran maƙwabta da suka cika bakin ƙofa. Shi ya sa a duk ƙorafe-ƙorafen 'yan kallo babu wanda muke ɗauka da muhimmanci kamar wannan da ake yawan yi, cewa fim kaza ba ya kalluwa da iyali. Wasu masu sharhi suna yi masa kallon ƙorafin mutanen da ba su san fasaha ba. Mu muna ganin shi ne sharhin fasaha mafi daidai da aka yi wa camama, domin yana magana a kan ainihin matsalar da ke gaban mai barkwancin zamanin kaset: ta yaya za ka ba mutum shida dariya a ɗaki ɗaya alhali akwai kunya tsakanin kowane biyu daga cikinsu?

Amsar tana nan a harshen tun da daɗewa, ita ce sakaya zance. Habaici, gugar zana, kalma mai harshen damo. Babba ya ji abu ɗaya ya murmusa, yaro ya ji wani abu daban ya yi dariya, suruka ta yi kamar ba ta gane ba, kowa ya tsira da mutuncinsa. Samanja da Ƙarkuzu sun yi shekaru a talabijin da rediyo a kan wannan igiya. Ibro kansa gwani ne a nan. Ƙarfinsa yana cikin baki da fuska: yadda yake ɗaukar magana a baibai da gangan, yadda yake kafewa a kan wauta har ta fara kama da hujja, yadda tsoro da cika baki suke zama a fuskarsa lokaci guda. Amma ƙugu ba ya zaurance. Kyamarar da aka kafa a kan jikin mai rawa ma'ana ɗaya take da ita, kuma kowa a falon ya gane ta a lokaci ɗaya, har yaron da ke bakin ƙofa. Daga nan sai mai gida ya tuna yana da alwala, uwar gida ta aiki yara sayen maganin sauro.

Wannan rashin lafiya ba ta Kano kaɗai ba ce, kuma lissafin wasu wurare yana nuna wani abu da namu ba zai nuna ba, tunda su suna ƙirga kuɗin tikiti. Fim ɗin Amurka mai suna The Hangover, na wasu abokan ango da suka farka ba su san abin da suka aikata da dare ba, ya fito a 2009 ya tara sama da dala miliyan 460. Na biyunsa ya fito a 2011, an ɗauke labarin daga Las Vegas an kai shi Bankok, an maimaita shi kusan taki bayan taki, an ƙara masa ƙazanta. Masu sharhi suka yi masa ca, 'yan kallo da yawa suka ce kwafi ne, amma ya tara sama da miliyan 580. Na ukun, a 2013, ya sauko zuwa wajen miliyan 360. A Indiya, wadda fina-finanta ba baƙi ba ne a gidajenmu, an yi Masti a 2004, aka yi Grand Masti a 2013 wanda ya fi shi batsa nesa ba kusa ba, ya kuma haura rufi biliyan ɗaya a kasuwa. Great Grand Masti na 2016 ya faɗi warwas, ko da yake satar fitar da shi a intanet kafin lokaci ta taimaka wajen kayar da shi.

Abin da muke karantawa a waɗannan alƙaluma shi ne cinikin kashi na biyu ba hukunci ba ne a kan kashi na biyu. Ladan na farko ne ake biya a makare. Mutane sun saya ne saboda daɗin da suka ji a baya, hukuncinsu a kan abin da suka tarar kuma sai a na uku yake bayyana. Mai shirya fim da ya ga na biyu ya fi ciniki ya ce ashe batsa ake so, ya karanta rasit ɗin wani kaya ne daban. Muna zargin cewa camama ta yi shekaru tana wannan kuskuren karatu, kuma yana cikin abin da ya sa aka daɗe ana yi mata kallon fim ɗin 'yan ƙauye da yara, alhali a cikinta ne aka fi samun Hausa mai rai.

Sai dai a Kano akwai wani mai kallo na uku wanda Amurka ba ta da irinsa, wato hukuma. Ba a fahimtar shari'ar 2008 sai an tuna yanayin da aka yi ta. A 2007 wani bidiyon waya na sirri da ya shafi wata 'yar fim ya bazu a gari, hankalin jama'a ya tashi, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hisba, ya shugabanci hukumar tace fina-finai. Aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango a kan faifan waƙoƙinsa Bahaushiya, a ƙarshen 2008 kuma aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyantama. Marubuta ma ba su tsira ba, don a 2007 ɗin ne aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ibro ya faɗo a tsakiyar wannan guguwa.

Kowane mataki a cikin waɗannan an ɗauke shi ne da sunan jama'a, an ce jama'a sun koka. Kuma sun koka ɗin, ba ƙarya ba ne. Amma wane ɓangare na ra'ayinsu ya isa ofis? Wanda ake iya faɗa a rediyo da sunan mutum da unguwarsa. Babu magidancin da zai bugo waya gidan rediyo ya ce shi kam rawar ta burge shi. Babu matar auren da za ta ce ita da kishiyarta sun kalla sau uku bayan mai gida ya fita, alhali matan da ke cikin gida suna cikin manyan masu kallon fim ɗin Hausa tun farkonsa. Ɗan kasuwa yana jin rabin ra'ayin, wanda aljihu ke faɗa. Hukuma tana jin ɗaya rabin, wanda baki ke faɗa. Ɗan wasa yana tsakiya, wannan ya ce ƙara, wancan ya ce kama shi. Ra'ayin da ya fi kowanne amfani, na mutumin da ya yi dariya kuma ya ji kunya, wanda zai iya nuna daidai wurin da dariyar ta tsaya kunyar ta fara, ba shi da ofishin da zai kai shi.

Akwai kuma wani abu da aka yi ta raɗe-raɗinsa a lokacin, musamman a tsakanin 'yan fim na titin Gidan Zu, cewa ba rawar ce ta kai Ibro gidan yari ba, wata waƙa ce da mutane suka fassara a matsayin shaguɓe ga gwamna da irin yadin da yake yawan sawa. Kotu ba ta faɗi haka ba, kuma ba za mu ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Abin lura shi ne yadda zancen ya samu karɓuwa cikin sauƙi. Jama'a sun san cewa tuhumar batsa sanda ce mai sauƙin ɗauka, domin duk wanda aka doka da ita ba ya samun mai kare shi a fili. Sun kuma san, ko da ba su faɗa da wannan lafazi ba, cewa abin da ke da haɗari a bakin mai barkwanci shi ne abin da ya sakaya.

Yau kaset ya tafi, faifan CD ya bi shi, rumfunan fim na Ƙofar Wambai sun koma sayar da wasu kayan. Kallo ya koma waya. A wani ɓangaren wannan ya mayar da katangar da kaset ya rushe, tunda mai iyafis a kunne ba ya kallo da surukarsa. Amma katangar ta mutum ɗaya ce, babu dokar wuri, babu kakar da za ta ce ya isa. Kuma abin da ɗan kasuwa yake yi da kunne da hasashe, yanzu na'ura ce ke yinsa da ƙidaya: ta san daƙiƙar da aka tsaya, ta san inda aka maimaita, ta san wanda ya tura wa abokinsa. Kowane gajeren bidiyo kashi na biyu ne na wanda ya gabace shi jiya. Har tsinuwar ma ta zama riba, domin wanda ya tsaya ya rubuta Allah wadai ya ƙara wa bidiyon tafiya daidai da wanda ya yaba. Masu karanta littattafan Hausa a waya sun san irin wannan ciniki, inda ake sakin shafukan farko kyauta, a tsaya daidai bakin ƙofar ɗaki, a ce mai son ci gaba ya biya. Marubuciyar da ta bi wannan hanya takan tarar a littafi na uku ba ta da sauran labari, sai ƙofar ɗakin kawai.

Hukuma kuma tana nan a kan tsohuwar amsarta. A watan Mayu na 2025 hukumar tace fina-finai ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa ɗan fim ne, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo su an tace ba kafin a sake su. Muna fahimtar damuwar, muna kuma ganin iyakarta. Almakashi yana iya cire rawa, amma ba ya iya saka dalili a inda babu. Fim ɗin da aka yanke wa minti uku na juya ƙugu bai zama mai ban dariya ba saboda haka, ya zama gajere ne kawai.

Idan ana neman shaidar cewa ci gaba yana iya rayuwa ba tare da wannan tsere ba, ga Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, wanda ya fara fitowa a tashar Arewa24 a 2019 ya kuma yi zango bayan zango. A tsaya a dubi ginshiƙin labarin: tsohon attajiri mai maƙo, wanda ya yi ta aure-aure a ƙuruciya har ya tara 'ya'ya iri-iri daga uwaye daban-daban, yanzu sun taru a gidansa kowa yana jiran rabonsa. In don kayan batsa ne, babu labarin da ya fi wannan tanadinsu. Duk tarihin sha'awar Alhaji yana zaune a tsakar gidan, yana cin tuwo, yana faɗa da juna. Babba ya san abin da tarin 'ya'yan nan yake nufi, yaro kuma yana ganin mutane masu ban dariya suna rigima a kan kuɗi. Shirin yana da nasa rauni, akwai zangon da ihu ya fi barkwanci yawa, akwai 'yan wasan da suka maƙale a kan salon magana ɗaya har ya gundura. Amma abin da ke jan sa gaba buƙata ce da ba ta ƙarewa, kwaɗayin 'ya'ya da rowar uba, don haka kowane sabon zango yana da abin da zai tsaya a kai ban da ƙara gishiri.

Shi ma Ibro, wanda ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, 'yan kallo sun yi masa wani tacewar da babu hukumar da ta sa hannu a kai. Masu yanko tsofaffin fina-finansa suna watsawa a waya ba kasafai suke ɗauko dogayen raye-rayen nan da aka yi ta rigima a kansu ba. Abin da ya fi yawo shi ne inda yake gardama, inda yake zare ido yana rantsuwa a kan ƙaryar da kowa ya gani, inda matarsa ta fim ta ritsa shi yana neman hanyar zillewa. Daga waɗannan gutsattsarin ne matasan da ba su kai shekara goma ba lokacin shari'ar Aloko suka gina Ibron da suke kira mai tsafta, kuma masu tura fim a Farm Center suna da shi a jaka guda, ana zuba wa mutum a katin waya tare da wa'azi da waƙoƙin biki.